Duban Hadari A Ɗakin Masu Taɓin Hankali

Wanda duk ya bi hanyar da ta fita daga birnin Kano ta nufi Gezawa ya sani ƙasa ce wadda ba ta da daji. Gona tana bin gona, gida yana kallon gida, ba wani fili da a ke bari ya huta, sai dai a yi ta zuba masa taki shekara da shekaru ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake. In mata suna lugude a wannan gida, na gidan can suna ji. Zama irin wannan yana da daɗi, gama mutum ba ya rasa mai kama masa ranar wahala. Amma ran da Allah ya jarrabi wani gida da ciwon taɓin hankali, sai kusancin nan ya zama abin damuwa. Ga fartanya jingine a zaure, ga lauje saƙale a jikin danga, ga taɓarya a gindin turmi, ga kuma 'ya'yan maƙwabta suna shiga suna fita. Maigida ba ya iya barci, tambaya ɗaya ce ke cin ransa: shin yaron nan zai taɓa wani?

Tambayar nan ita ce ta haifi mari da turu. Ba mugunta ke sa uba ya kai ɗansa a buga masa ƙarfe a ƙafa ba, tsoro ne da rashin sani. Tun da ba ya iya rarrabe ranar da ciwon zai motsa da ranar da zai kwanta, sai ya ɗaure shi saboda dukan ranaku. Ta haka mutumin da watakila sau biyu ko uku kaɗai a shekara ya ke zama abin tsoro, sai ya ƙare shekarar duka yana jan ƙarfe, tsatsa tana cin idon sawunsa. Ba a kuwa manta da watan Satumba na 1919 da shekara ɗari ba, watau 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, waɗanda iyayensu ne suka kai da hannunsu don neman gyara.

Kafin a ci gaba, ya kamata a kawar da wani zato da ya yi kanta a zukatan mutane, watau cewa kowane mai taɓin hankali abin gudu ne, kuma kowace mummunar ɓarna aikin mahaukaci ce. Ba haka ba ne. Mafi yawan masu wannan ciwo ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, su ne ma yara ke bi da jifa a bakin kasuwa. Mutanen ƙasar Gezawa kuwa sun ga ɗaya gefen maganar da idonsu a watan Mayu na 2024, ranar da wani ya zuba fetur ya cinna wa masallaci wuta a Larabar Abasawa ana cikin sallar Asuba, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Da aka kama shi, rigimar gado ya ambata. Kotun Shari'a a Kano ta ɗauke shi a matsayin wanda ya san abin da ya aikata, ta yanke masa hukuncin kisa a 2025. To, haɗama da gaba sun fi hauka zub da jini. Duk da haka akwai kaɗan daga cikin majiyyata waɗanda ciwon kan kai su ga duka ko sara a wani lokaci, kuma ɓoye wannan ba taimako ba ne, ko ga su kansu.

Hukuma ma da ɗauri ta fara. A 1907 Turawa suka buɗe gidan mahaukata na Yaba a Ikko, a 1916 suka kafa dokar da ta ba da ikon tsare wanda aka shaida hankalinsa ya gushe. A Arewa kuwa sau da yawa wani sashe a kan ware musu a kurkukun En'e, ganduroba ke tsaronsu. Al'amari bai soma sakewa ba sai da aka sami maganin farko mai kwantar da wannan ciwo a Faransa a 1952. Bayan shekara biyu, a 1954, wani likita ɗan ƙasar nan, Dakta Thomas Adeoye Lambo, ya gwada wata dabara a Aro kusa da Abekuta. Ya sauke majiyyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su zo a yi musu magani, da dare su koma masauki. Mutanen da a ke tsammani sai ƙarfe, sai ga su suna kwana cikin jama'a. Labarin Aro ya zaga duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Tsohuwar dokar tsarewa dai ta daɗe da rai, ba a maye gurbinta ba sai a watan Janairu na 2023, da aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta tabbatar da haƙƙin majiyyaci, ta kuma sa sharuɗɗa a kan tsare shi.

Yau mutumin Gezawa in zai kai nasa asibiti, sai ya shiga Kano ya fita ta hanyar Katsina zuwa Dawanau, kusa da babbar kasuwar hatsi. Akwai irin wannan asibiti a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. A asibitocin masu taɓin hankali a kan sami ɗakunan da ƙofarsu ke kulle dare da rana, inda a ke kwantar da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani: wanda 'yan'uwa suka kawo a ɗaure, da wanda 'yan sanda suka tsinto, wani lokaci har da wanda ya yi ɓarna aka kai shi gaban alƙali. Shari'ar Musulunci ba ta kama wanda hankalinsa ya gushe da laifin ganganci, sashe na 51 na dokar Final Kod ta Arewa ma haka ya tanada. Amma ɗauke wa mutum laifi daban, sakinsa cikin jama'a daban. A waɗansu ƙasashe an gina asibitoci musamman domin irin waɗannan, kamar Broadmoor ta Ingila wadda aka buɗe a 1863.

To, da an rufe ƙofar nan, tambayar da ta hana maigida barci a Gezawa ta koma wuyan ma'aikatan jinya. Su ne ke kwana cikin ɗakin, su kaɗan, majiyyata da yawa. In sun yi sakaci, a fasa wa wani kai, ko ma'aikaci ko majiyyaci ɗan'uwansa da ke kwance a gadon kusa. In kuma tsoro ya yi musu yawa, sai su koma ɗaure kowa da danna wa kowa allurar barci, asibiti ya zama gidan mari mai farin fenti.

A nan ne masana suka gane tambayar biyu ce, ba ɗaya ba. Manomi ya san bambancin mai tambaya ko damunar bana za ta yi kyau da mai tambaya ko za a yi ruwa yau. Ta farko sai a duba shekarun baya, da lokacin da shamuwa ta iso, da yadda bazara ta kasance. Ta biyu kuwa ba ta bukatar tarihi, sai a ɗaga kai a dubi gabas, a ji irin zafin da a ke yi, a lura da iska. Matar da ta shanya gero a tsakar gida ba ruwanta da yadda damuna za ta ƙare, so ta ke ta sani ko ta kwashe shanyarta kafin la'asar. Haka ya ke ga majiyyaci. In ana so a san ko za a sallame shi ya koma gida, dole a bi tarihinsa, ko ya taɓa yin ɓarna, da abin da ya ke sha, da waɗanda za su riƙe shi. Likitocin Kanada sun tsara wata takarda mai tambaya 20 domin wannan. Amma ma'aikacin da ya kama aikin dare, shi mai shanya ne. Tarihi ba ya sakewa daga Litinin zuwa Talata, saboda haka ba zai gaya masa ko daren yau ne ba.

A birnin Trondheim na ƙasar Norwe akwai wani asibiti mai tsaro da a ke kira Broset. Waɗansu ma'aikatansa biyu, Linaker da Busch-Iversen, suka ɗauko littattafan da masu jinya ke rubuta rahoton kowace rana, na shekaru, suka zauna suna bi shafi shafi. Duk inda suka tarar an rubuta wani ya kai farmaki, sai su koma baya su ga abin da aka rubuta a kansa cikin awa 24 kafin nan. Sun ƙidaya halaye iri 56, amma 6 ne suka yi ta maimaituwa gab da tashin fitina. Suka bayyana wannan a 1995. Daga bisani Roger Almvik da Phil Woods suka mai da halayen nan 6 'yar gajeriyar takarda wadda a ke cikewa cikin minti ɗaya ko biyu. An juya ta cikin harsuna masu yawa, ana aiki da ita a ƙasashe dabam dabam.

Abin mamaki, ba wata alama cikinsu da tsohuwar da ta yi renon jikoki ba ta sani ba. Ta farko ruɗewa ce, mutum ya kasa sanin inda ya ke, ko wace rana ce, ko wane ne ke tsaye gabansa. Wanda bai gane mai kawo masa tuwo ba yana iya ɗaukarsa maƙiyi, ya kai masa hannu don kare kansa. Sai ƙunci, watau abu kaɗan ya harzuƙa shi, ba ya son kowa ya raɓe shi, ko gaisuwa ta zame masa tsokana. Sai hayaniya, ya riƙa ɗaga murya fiye da kima, yana buga ƙofa in zai fita. Waɗannan uku su ne kamar zafin nan mai nauyi da kan riga hadari. Sauran ukun kuwa hadari ya riga ya haɗu: barazana da baki, ya ce zai kashe wane ko zai ƙone wuri, barazana da jiki, ya dunƙule hannu, ko ya ci kwalar wani, ko ya tsaya masa a gaba yana huci, sa'an nan huce haushi a kan kaya, ya yi jifa da kwano, ya shuri gado, ya fasa taga. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da mutanen Broset suka ƙara kawai shi ne su ce a tambaye ta a kan kari, kuma a rubuta amsar.

Ga yadda a ke yi. Kowane rukuni na ma'aikata, na safe da na rana da na dare, in sun ɗan jima da kama aiki, sai wanda ke kula da majiyyaci ya ɗauki takardarsa. Alamar da ya gani ya sa mata 1, wadda bai gani ba ya sa sifiri, ya tara. In jimla sifiri ce, haɗari kaɗan ne. In 1 ce ko 2, a soma shiri. In ta wuce 2, haɗarin babba ne, a tashi tsaye kafin abu ya faru.

Mai karatu yana iya cewa, in dai alamun nan kowa ya san su, mene ne amfanin takarda? Wanda ya taɓa zama kusa da littafin haraji a ofishin hakimi ya san amsa. Dagaci yana iya rantsuwa ya san mutanensa ɗaya ɗaya, amma ran da aka buɗe littafi a kan tarar ya tsallake gida uku. Ido yana mantuwa, kuma yana da son kai. Ma'aikaci ya kan ji tsoron ƙato mai jajayen idanu wanda ba ya cutar ko ƙuda, ya saki jiki da siririn saurayi mai ladabi wanda tun safe ya ke ta cije baki. Banda wannan, abin da na safe ya gani yana tafiya gida tare da shi in bai rubuta ba, na dare ya zo ya tarar da ɗaki shiru, bai san an yini ana tafasa ba. Amma in ya buɗe takarda ya ga shekaranjiya sifiri, jiya 1, yau da rana 2, ya san inda iska ta dosa.

Akwai wata ƙa'ida cikin cika takardar wadda ta fi sauran hikima. In an san mutum da wani hali tun fil azal, ba a sa masa 1 saboda halin nan, sai in ya ƙaru a kan yadda aka saba. Wanda shekara goma yana surutu shi kaɗai da ƙarfi, surutunsa ba labari ba ne. Amma mutum mai kawaici, wanda ba a taɓa jin muryarsa a tsakar gida ba, in ya wayi gari yana daka tsawa, wannan abin dubawa ne. Watau ba da sauran mutane a ke auna majiyyaci ba, da shi kansa na jiya a ke auna shi.

In lamba ta hau, ba igiya a ke fara nema ba. Wani ma'aikaci wanda majiyyacin ya yarda da shi sai ya je ya zauna, ba kusa ƙwarai ba, ba kuma tsakaninsa da ƙofa ba, ya kira shi da sunan da ya ke so, ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya saurara. Mutum ɗaya ke magana, ba a taru a kansa. A raba shi da wanda su ke hararar juna, a fita da shi inuwa ya sha iska, a kawar da abin da hannu zai iya ɗauka. A duba ko yunwa ce, ko kwana biyu bai runtsa ba, ko kuwa zazzaɓi ne, gama zazzaɓi mai zafi da farfaɗiya su kan ruɗa mutum har a zaci haukan ne ya tashi. A gaya wa likita ya duba maganinsa, a miƙa masa ƙwaya ya karɓa da hannunsa tun yana iya karɓa. Riƙewa da ƙarfi da keɓewa a ɗaki su ne na ƙarshe, na ɗan lokaci, kuma da an ga lamba ta sauka a sake shi. A ganin mai hankali, a nan ne darajar takardar ta ke. Ba ta faɗin wanda za a ɗaure kaɗai, tana ba ma'aikaci hujjar da zai kwance mutum ya bar shi ya yi alwala ya yi salla cikin 'yan'uwansa, ko da an ce wata uku da suka wuce ya fasa wa wani baki.

An gwada abin a ga ko yana da amfani. A ƙasar Suwizalan wani masani mai suna Abderhalden da abokan aikinsa suka sa waɗansu ɗakuna su riƙa auna kowane sabon majiyyaci sau biyu a yini cikin kwana ukun farko, waɗansu ɗakuna kuwa suka ci gaba yadda suka saba. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna munanan farmaki sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ɗakunan da a ke aunawa, tilastawa irin ta ɗauri da keɓewa kuma ta ragu da kashi 27. A lura, duka biyun ne suka ragu tare. Da ma abin da a ke tsoro ke nan, a ce in an sassauta ɗauri duka zai ƙaru.

Amma fa takarda ba duba ba ce, ba ta san gaibu ba. A gwajin da Almvik ya bayar a shekara ta 2000, cikin kowane farmaki 100 ta riga ta nuna kamar 63 ne, saura suka zo ba sallama. Akwai majiyyacin da ke jin wata murya cikin kansa tana umurtarsa, yana zaune shiru kamar ruwan randa, sai dai a ga ya zabura. Akwai kuma da yawa waɗanda lambarsu kan hau har 3 ko 4, su ƙare yini ba su taɓa kowa ba, kamar hadarin da kan haɗu ya yi baƙi ƙirin a gabas, iska ta watsa shi. Wanda ya kwashe shanyarsa ran nan bai yi asara ba. Amma in kwashe shanyar yana nufin a danne bawan Allah a ɗaure shi a gado saboda lamba kawai, to, an yi zalunci da alƙalami, wanda bai fi na maƙeri sauƙi ba.

Har wa yau, ba daga cikin majiyyaci kaɗai fitina ke tasowa ba. A wani asibiti mai tsaro a Melbourne ta Ostareliya, Ogloff da Daffern sun tsara tasu takarda mai alama 7 a 2006, ciki har da saurin fushi sa'ad da mutum ya roƙi abu aka hana shi. Wannan ya nuna rabin maganar tana hannun mai hanawa. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa, an kulle shi da baƙi cikin zafin bazara, ya roƙi a kira masa gida an ce sai gobe, ya roƙi goro an yi masa tsawa kamar yaro, alhali a garinsu magidanci ne mai 'ya'ya. Ko mai cikakken hankali aka yi wa haka, sai an ji kansu. Ɗakin da lambobin mutanensa ke hawa kullum a lokaci guda, misali gab da rabon abinci ko bayan tafiyar masu ziyara, ɗakin ne ke bukatar gyara.

Saura abin da ya shafi mutanen gida. Ma'aikacin Dawanau bai san majiyyaci na jiya ba, ran da aka kawo shi ya fara ganinsa, kuma kwanakin farko su ne suka fi haɗari. Waɗanda suka san shi su ne waɗanda suka rako shi daga Gezawa ko Jogana. Sau da yawa kunya kan sa su rufe baki, su ce ai iska ce ta buge shi shekaranjiya, don kada a ce gidansu da hauka, ko kada maganar ta ɓata auren ƙannensa mata. Wannan kunya tana iya jawo wa wani rauni. Abin da ya kamata babban wanda ya yi rakiya ya faɗa, ba tare da an yi ta jan bakinsa ba, shi ne ko ya taɓa dukan wani, da wa, da me, kuma me ya faru kafin nan. Ya faɗi ko yana shan wiwi ko sholisho ko ƙwaya ko maganin tarin nan na kodin da gwamnati ta hana a 2018, gama mai shaye-shaye in an yanke masa a rana ɗaya jikinsa kan tashi. Ya faɗi kwana nawa rabonsa da barci, da ko akwai wanda ya ke zargi da yi masa sammu, da irin maganin da aka riga aka ba shi wurin malam ko boka. Kada kuma ya manta da faɗin abin da ke kwantar masa da rai, ko muryar mahaifiyarsa ce, ko karatun Alƙur'ani, ko a ƙyale shi shi kaɗai, da kuma yadda tashinsa kan fara, domin kusan kowane majiyyaci yana da tasa alama. Wani ya kan daina cin abinci, wani ya yi ta wanke hannu, wani ya tuɓe hula ya riƙa kai da kawowa.

Ran da aka sallame shi ya dawo gida, alamun nan 6 ba su daina aiki ba, sai dai yanzu matarsa ko wansa ne mai duba. In an ga biyu ko uku sun haɗu, musamman in ya bar shan magani ko barci ya ƙaurace masa, sai a kawar da lauje da gatari ba tare da ya lura ba, a janye yara zuwa gidan maƙwabta, a sanar da mai unguwa, a nemi mota tun da sauran rana. Takardar asibitinsa da ragowar ƙwayoyinsa a tafi da su, domin likita zai tambaya.